Shari'ar Endrew: yadda iyayen wani yaro mai otizim suka ja da makarantar gwamnati har Kotun Ƙolin Amurka

A ƙaramar hukumar Douglas da ke jihar Kolorado, kudu da birnin Denver, akwai wani yaro da takardun kotu suke kira Endrew F., ba a rubuta cikakken sunan gidansu ba saboda yaro ne a lokacin. Yana ɗan shekara biyu likitoci suka tabbatar yana da lalurar otizim, wato irin lalurar nan da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane, ga maimaita abu ɗaya, ga firgita da abin da wasu yaran ko kallo bai ishe su ba. Tun daga nazare har aji huɗu na firamare a makarantun gwamnati na yankin ya yi karatu. Malamansa da kansu sun shaida cewa yaro ne mai barkwanci mai daɗin zama, yana damuwa da abokansa, amma fa in abin ya motsa sai ya dinga ihu a aji, ya hau kan tebura da kujeru har ma kan 'yan'uwansa ɗalibai, wani lokacin ya fice daga makarantar gaba ɗaya a guje. Kuma yana da wani irin tsoro mai tsanani na abubuwan yau da kullum, ƙuda, ruwa ko wani abu in ya zube a ƙasa, da banɗakin jama'a. Toh ka ɗauka yaron da ke tsoron banɗakin makaranta ne za a ce ya zauna tun safe har yamma ya koyi lissafi.

A Amurka irin wannan yaron ba alfarma ake masa ba in an ba shi kulawa ta musamman, haƙƙinsa ne a doka. Dokar ta samo asali tun 1975 lokacin shugaba Gerald Ford, bayan majalisa ta gano cewa yara masu nakasa sama da miliyan ɗaya kwata-kwata ba a barin su shiga makarantun gwamnati, a 1990 aka sake mata suna ta koma IDEA. Abin da ta ce a taƙaice shine duk yaro mai lalura daga shekara 3 zuwa 21 dole a ba shi ilimin da ya dace da shi, kyauta, ba tare da iyayensa sun biya ko sisi ba. Yanzu haka yara sama da miliyan 7 ne ke ƙarƙashin wannan dokar, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati kenan, kaga ba ƙaramin abu bane.

Zuciyar dokar wata takarda ce da ake kira IEP, tsarin karatu da ake rubuta wa yaro shi kaɗai. Ana zama ne a rubuta ta, malamin aji da malamin masu buƙata ta musamman da wakilin hukumar makarantu da wanda ya san fassarar gwaje-gwajen da aka yi wa yaron, sannan iyaye, kuma iyayen nan ba baƙi bane da aka gayyato su sha shayi, doka ta sa su cikin kwamitin a matsayin cikakkun membobi. A cikin takardar ake rubuta inda yaron yake a yanzu, da inda ake so ya kai nan da shekara ɗaya, da yadda za a auna ko ya kai ɗin, da irin taimakon da za a ba shi, ko mai koyar da magana ne ko mai taimaka masa a aji ne, minti nawa a sati, duk a rubuce. Duk shekara sai an sake zama a kanta, duk shekara uku kuma sai an sake gwada yaron daga tushe.

To a nan ne rigimar ta taso. Iyayen Endrew ba wai sun ce an hana ɗansu IEP bane, ana rubuta masa duk shekara ba fashi. Abin da suka lura da shi shine in ka ɗauko ta bana ka ajiye kusa da ta bara da ta bara waccan, kusan abu ɗaya ne ake maimaitawa, burin da aka sa masa a aji biyu shine dai a aji uku shine a aji huɗu, sai dai a ɗan canza lamba ko a ɗan juya jimla. Kuma duk mai hankali ya san me hakan ke nufi, in da yaron yana gaba ai da burin ya canza. Su a ganinsu karatun yaron da tarbiyyarsa sun tsaya cak, ita kuma makaranta ba ta da wata sabuwar dabara kan ihun da gudun da tsoron da ke hana shi koyo.

Ina so in ɗan tsaya a wannan wajen domin ni a ganina shine ainihin abin koyo a shari'ar, ya fi ma hukuncin kansa. Da me iyayen suka kafa hujja? Da takardun makarantar kanta. Ba su je kotu da "wallahi muna ganin yaron nan baya gaba" ba, sun je ne da abin da malamai suka rubuta da hannunsu shekara bayan shekara. Kuma abin da ya ba uba ko uwa ikon ganin waɗannan takardun wata doka ce daban mai suna FERPA ta 1974, wasu na kiranta gyaran Buckley saboda sanata James Buckley na New York ne ya kawo ta. Ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin ma'aikatar ilimi ta tarayya, in iyaye suka nemi ganin fayil ɗin ɗansu dole a nuna musu cikin kwana 45. Ita kuma IDEA ta ƙara ƙarfi a kai, ta ce ba tare da jan ƙafa ba, kuma in akwai zaman IEP ko zaman sauraron ƙara a gaba to dole a nuna maka kafin zaman, ba wai ka shigo ɗaki a miƙo maka shafi talatin a ce ka sa hannu a nan da nan ba. Kana da ikon a yi maka bayanin abin da baka gane ba, kana da ikon turo wakili ya duba maka, ba za a caje ka kuɗin nemo fayil ba, kuɗin fotokofi kawai za a iya karɓa, shi ma in zai hana ka samun takardun sai a yafe.

Kuma fayil ɗin ba ɗan katin sakamakon jarabawa kaɗai bane. Rahoton masanin halayyar ɗan'adam da ya gwada yaron yana ciki, rahoton ladabtarwa, na ranar da ya gudu daga makaranta, rajistar zuwa da fashi, bayanan ci gaba da ake turowa lokaci-lokaci, duk wani abu da ya shafi yaron kai tsaye wanda makaranta ke ajiyewa. Abin da baya ciki shine ɗan rubutun da malama ta yi wa kanta don tuni wanda bata nuna wa kowa ba. In ka ga an rubuta abin da ba daidai ba ko mai ɓata sunan yaro, kana iya neman a gyara, in sun ƙi sai ka nemi a yi zama a saurare ka, in nan ma baka yi nasara ba to kana da damar rubuta naka bayanin a manna shi a fayil ɗin, duk inda aka tura wancan rubutun sai an haɗa da naka. Amma fa wannan hanyar ba ta neman ƙarin maki bace, in malami ya ba yaro 40 bisa cancanta FERPA bata mayar da shi 70. Sannan makaranta bata da ikon miƙa wa wani na waje fayil ɗin sai da izininka a rubuce, sai dai wasu 'yan wurare da doka ta ware, kamar sabuwar makarantar da yaron zai koma, ko umarnin kotu, ko halin gaggawa na lafiya. Ko aure ya mutu, uwa da uba duk suna da wannan haƙƙin sai in kotu ce ta cire wa ɗayansu. Ranar da yaro ya cika 18 ko ya shiga jami'a kuma ikon ya koma hannunsa, wannan ɗin yana ba iyaye da yawa mamaki, kai kake biyan kuɗin jami'a amma sai yaron ya yarda za a nuna maka sakamakonsa a mafi yawan lokuta.

Mu koma kan Endrew. A watan Afrilun 2010 hukumar makarantun ta kawo IEP ɗin aji biyar, iyayen suka duba suka ga dai jiya i yau, sai suka cire yaron suka kai shi wata makarantar kuɗi a Denver mai suna Firefly Autism House wadda aikinta kenan, koyar da yara masu otizim. Can ɗin suka zauna suka tsara masa tsari na musamman kan halayyarsa, suka ɗauki matsalolin ɗaya bayan ɗaya, suka kuma ƙara masa nauyin karatu maimakon su rage. Cikin 'yan watanni halayyar ta gyaru sosai, karatun da ya gagara a baya ya fara shiga. A Nuwamban wannan shekarar hukumar gwamnati ta sake kawo wata IEP ɗin, iyayen suka ce wannan ma ba ta da wani bambanci na a zo a gani musamman ta wajen halayya, alhali ga abin da Firefly ta yi kowa na gani. A Fabrairun 2012 suka shigar da ƙara a ma'aikatar ilimi ta Kolorado suna neman a biya su kuɗin makarantar da suke kashewa, wanda rahotanni suka ce ya kai wajen dala dubu 70 a shekara.

Wani zai ce yaya za ka kai ɗanka makarantar kuɗi da kanka sannan ka ce gwamnati ta biya? Dokar ta yarda da hakan, Kotun Ƙoli ta tabbatar tun a shari'ar Burlington a 1985 da ta Carter a 1993, amma da sharaɗi, sai ka nuna cewa makarantar gwamnati ta gaza ba yaron ilimin da ya dace, kuma inda ka kai shi ya dace. Sannan sai ka sanar da su tun kafin ka cire yaron, ko a zaman IEP na ƙarshe ko a rubuce kwanakin aiki 10 kafin nan, in ba haka ba ana iya rage kuɗin ko a hana ka gaba ɗaya. Kuma kasada ce zalla, kai za ka dinga biya daga aljihunka, in ka faɗi a kotu shikenan kuɗinka sun tafi.

Kuma sun faɗi ɗin, ba sau ɗaya ba. Alƙalin sauraron ƙara na jiha ya ba makaranta gaskiya, kotun tarayya ta gunduma ta tabbatar, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 10 ita ma ta tabbatar. Dalili kuwa yana komawa ne ga wata tsohuwar shari'a ta 1982, ta wata yarinya kurma a New York mai suna Amy Rowley wadda iyayenta suka nemi a sa mata mai fassara da maganar hannu a aji. Yarinyar tana da ƙoƙari, tana karanta leɓe, tana cin jarabawa tana wucewa aji na gaba, sai Kotun Ƙoli ta ce doka bata tilasta wa makaranta ta fitar da duk iyakar baiwar yaro ba, ya wadatar in yana samun wani amfani daga karatun. To wannan "wani amfani" ɗin shine kotuna suka yi ta ja a kai sama da shekara talatin, ita shiyya ta 10 ta fassara shi da cewa in dai abin da yaron ke samu ya ɗan ɗara babu, to makaranta ta sauke nauyi. Wato dai da babu gara ba daɗi aka mayar doka. Da wannan ma'aunin ƴan canje-canjen da aka yi a IEP ɗin Endrew sun isa a ce yana ci gaba.

Akwai wani ɗan abu a hukuncin 2015 ɗin da ya shafi takardu kai tsaye. Iyayen sun yi ƙorafin cewa rahoton ci gaban da ake turo musu ba shi da cikakken bayani, magana ce a dunƙule ba alƙaluma. Kotun bata yabi yadda makarantar ke rubuta rahoton ba, amma ta ce tunda iyayen suna magana da malamai a kai a kai kuma suna halartar zama, ba za a ce an hana su shiga harkar karatun ɗansu ba. Wannan kam ni bai kwanta min ba, domin hira da malama a bakin get daban, rubutaccen ma'auni da za ka iya ɗauka ka kwatanta da na bara daban.

Aka saurari ƙarar a Kotun Ƙoli a Janairun 2017, ranar 22 ga Maris aka yanke hukunci, alƙalai takwas ɗin da ke kotun a lokacin duk bakinsu ya zo ɗaya, babban joji John Roberts ne ya rubuta. Ya ce dole IEP ta kasance an tsara ta yadda yaro zai samu ci gaban da ya dace da yanayinsa, kuma burin da za a sa masa ya zama mai ɗan tsauri gwargwadon halinsa, domin kowane yaro ya cancanci a ba shi abin da zai yi ƙoƙari ya cimma. Ya ce yaron da ake ba abin da ya ɗan ɗara babu shekara bayan shekara da wuya a ce ma an ba shi ilimi, kamar an zaunar da shi ne kawai ana jiran ya girma ya bar makaranta. Kuma ya ce kotu na iya tsammanin jami'an makaranta su kawo gamsasshen bayani kan dalilin da ya sa suka tsara abin da suka tsara. Abin dariya a ranar, a daidai lokacin da hukuncin ya fito Neil Gorsuch yana zaune gaban sanatoci ana tantance shi don zama alƙalin wannan kotun, kuma shine ya rubuta wani hukunci a shiyya ta 10 a 2008 da ya yi amfani da ainihin ma'aunin da aka rushe ɗin, nan take sanatoci suka jefo masa tambayar.

Sai dai kar a ɗauka iyayen sun samu duk abin da suka nema. Lauyoyinsu sun so kotu ta ce dole a ba yaro mai lalura damar da ta yi daidai da ta sauran yara, kotun ta ƙi, ta ce wannan ya yi kama da abin da aka riga aka yi watsi da shi a shari'ar Rowley. Ta kuma jaddada cewa tambayar ita ce ko tsarin yana da ma'ana, ba wai ko shine mafi kyau a duniya ba, kuma alƙalai ba za su maye gurbin malamai ba. Bata ma ce a biya su kuɗin ba, mayar da shari'ar ƙasa ta yi a sake dubawa da sabon ma'auni. A Fabrairun 2018 alƙali Lewis Babcock, wanda shine a baya ya ba makarantar gaskiya, ya sake duba takardun nan dai guda, ya ce a'a, ƴan canje-canjen nan ba su isa ba, kuma rashin tsari kan halayyar yaron ya shafi karatunsa kai tsaye. A tsakiyar shekarar hukumar makarantun ta amince ta biya dala miliyan 1.32, kuɗin makaranta da na lauyoyi. Daga cire yaron zuwa biyan kuɗin shekara takwas, wanda aka fara magana a kansa yana shirin shiga aji biyar ya riga ya zama saurayi.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce iyali nawa ne za su iya wannan? Sai mai ƙarfin biyan makarantar kuɗi na shekaru yana kuma biyan lauya. Ga shi tun 2005 a shari'ar Schaffer kotu ta ce wanda ya kawo ƙara shi zai kawo hujja, kuma galibi iyaye ne ke kawowa, a 2006 a shari'ar Murphy ta ce ko ka yi nasara ba za a mayar maka da kuɗin ƙwararrun da ka ɗauko su ba da shaida ba, na lauya kawai. Ita FERPA ma haƙoranta ba su da kaifi, a 2002 a shari'ar jami'ar Gonzaga kotu ta ce mutum ba zai iya kai makaranta ƙara a kanta don a biya shi diyya ba, iyakarka ka rubuta ƙorafi zuwa ma'aikatar ilimi ta tarayya cikin kwana 180. Su ma makarantun suna da nasu kukan, majalisa ta sa burin ɗaukar kashi 40 na ƙarin kuɗin da ake kashewa kan waɗannan yaran amma bata taɓa kaiwa ba, shekara da shekaru abin yana ƙasa da rabin haka, sauran nauyin yana kan jihohi da ƙananan hukumomi.

Amma akwai matakan da basa cin kuɗi, kuma sune suka fi shafar ƴan'uwanmu da ke zaune a can, irin Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya da ke unguwar Bronx ta birnin New York da sauran garuruwa, waɗanda sau da yawa in makaranta ta kira zama kan yaro sai uwa ta je ita kaɗai, a yi ta turanci a kanta, ta ce toh ta sa hannu ta dawo gida. Doka ta ce dole makaranta ta yi duk abin da ya kamata don iyaye su fahimci abin da ake faɗa a zaman, har da kawo tafinta in turanci ba yarensu bane, kuma ba yaron ko yayarsa ya kamata a mayar tafinta ba. Ba za a yi wa yaro gwajin farko ba kuma ba za a fara sa shi a tsarin ba sai da sa hannun iyaye. In kai ne kake zargin akwai matsala ka rubuta musu wasiƙa ko imel ka nemi a gwada shi, ka sa kwanan wata ka ajiye kwafi, bayan ka sa hannu suna da kwana 60 ko wa'adin da jiharku ta sa. In baka gamsu da sakamakon gwajinsu ba kana iya neman wani ƙwararre na waje ya sake gwadawa da kuɗin gwamnati, ko dai su biya ko su je gaban alƙali su kare nasu gwajin. Duk abin da suka ƙi yi ko suke so su canza dole su ba ka a rubuce tare da dalili, saboda haka in aka ce maka a baki "ba mu da kuɗin wannan", ka ce a rubuta min. In za a dakatar da yaro fiye da kwanakin makaranta 10 sai an zauna an duba ko lalurarsa ce ta jawo laifin. Akwai sulhu kyauta, akwai ƙorafi zuwa ma'aikatar ilimi ta jiha da dole su amsa cikin kwana 60, in kuma ta kai ga ƙara gaban alƙali to galibi shekara biyu kake da su daga ranar da ka san matsalar, kuma yayin da ake shari'ar galibi yaron yana nan a inda yake ba za a matsar da shi ba sai da yardarka. Masu fargabar takardun zama kuma, tun 1982 a shari'ar Plyler Kotun Ƙoli ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin shige da ficensa.